Uwar Ƙungiyar da Ke Tsaya wa Wutar Ƙauyukan Amurka

A tsakiyar shekarun 1930, cikin kowane gida goma na karkarar Amurka, kusan tara ba su da wutar lantarki. Kamfanoni sun ƙi jan waya zuwa gonaki, domin gidajen a warwatse suke, ribar ba za ta mayar da kuɗin turaku ba. Da Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar kai wuta karkara, REA, a 1935, sai manoma suka shiga kafa ƙungiyoyin gama kai. Kowa ya biya dala biyar ta shiga, a karɓi rancen gwamnati, a kafa turaku. Mai biyan kuɗin wuta shi ne mai kamfanin, shi ke zaɓen shugabanni.

Sai dai ƙaramar ƙungiyar bayan gari ba ta da bakin magana a Washington. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an zarge su da ɓoye wayar jan ƙarfe, kuma kare kai ɗaya-ɗaya ya gagara. Shi ya sa a 1942 suka kafa uwar ƙungiya, NRECA, suka damƙa ragamarta ga Clyde Ellis, tsohon ɗan majalisa daga Arkansas. Yau hedkwatarta na Arlington a jihar Virginia, tana wakiltar ƙungiyoyi kusan 900 masu bai wa mutum miliyan 42 wuta a jihohi 48.

NRECA ba ta sayar wa kowa wuta. Tana tara ma'aikatan ƙungiyoyin cikin tsari guda na fansho da inshorar lafiya, abin da zai yi wa kowacce tsada in ita kaɗai ta nema, tana kuma horar da manajoji da manoman da aka zaɓa su shugabanta. Da rancen gwamnati ya kasa isa, ita ta jagoranci kafa asusun rance na ƙungiyoyin, CFC, a 1969.

Inda ta fi nuna amfaninta shi ne majalisa. A ƙarshen 1972 gwamnatin Nixon ta soke rancen nan mai ruwa kashi 2 cikin ɗari. Wakilan ƙauyuka suka yi dafifi a Washington, kuma a watan Mayun 1973 aka sa hannu kan dokar da ta maido da shirin, ko da yake ruwan ya ƙaru ga yawancinsu. A 2019 ma ta samo gyaran doka, don kada tallafin gwamnati, kamar na gyara bayan guguwa, ya jawo wa ƙungiyoyin haraji.

Ban yarda da ita a komai ba. Yawancin tashoshin mambobinta sun daɗe suna ƙona kwal, ta kuma sha shiga kotu tana ƙalubalantar dokokin rage hayaƙi. Hujjarta ita ce kuɗin wuta zai hau kan talakan karkara. Hujja ce mai nauyi, amma fari da ambaliyar da hayaƙin ke ƙara tsanantawa ma manomi suke fara ci.

Tun 1962 reshenta na ƙasashen waje ke kai tsarin ƙungiyoyin gama kai wasu ƙasashe, har da Filifin da Bolibiya. A Bangaladash ta taimaka wa hukumar da aka kafa a 1977, wadda ƙungiyoyinta ke bai wa yawancin ƙauyukan ƙasar wuta a yau.