Ina Makomar Kakanninmu Da Suka Mutu Ba Su Yi Baftisma Ba?

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu koyarwar gwaji, ni aka tura ni wata makarantar firamare a wani ƙauyen Gbagyi da ke bayan Gwagwalada. Ran nan ina cikin darasin addinin Kirista, sai wani yaro ɗan aji biyar ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, kakana ya mutu bai yi baftisma ba, har ƙarshen ransa a gindin dutse ya ke yanka kazarsa. Wuta ya tafi ke nan?" Aji ya yi tsit. Na ce masa ya dakata sai gobe, gama a gaskiya ba ni da amsa. Abin da na samo na ke so in shimfiɗa wa 'yan'uwana ɗalibai, domin kowane malami a ƙasar nan zai gamu da wannan tambaya wata rana.

Tun zamanin dā Ikkilisiyar Katolika tana koyar da cewa ceto ba ya samuwa a waje da ita. Wanda aka fi danganta maganar da shi, shi ne Sifiriyan, bishop na Kartaj, a ƙasar da a ke kira Tunisiya yau, wanda aka kashe a shekarar 258. Babban taron Lateran na huɗu ya tabbatar da ita a 1215, sa'an nan taron Filorans ya maimaita ta da kakkausan harshe a 1442. Amma fa mu lura, mutanen Turai na lokacin suna tsammani bishara ta riga ta game duniya, watau duk wanda ya ke waje, ya ji ne ya ƙi.

Duk da haka masanansu sun rarrabe rashin sani kashi biyu. Na fari shi ne rashin sani na sakaci, wanda mutum zai iya kawar da shi in ya so, amma ya ƙi tambaya don kada gaskiya ta ɗora masa nauyi. Wannan akwai alhaki a cikinsa. Na biyu shi ne rashin sanin da ya fi ƙarfin mutum, wanda ko ya yi iyakar ƙoƙarinsa ba shi da hanyar fita daga ciki. Mu malamai mun san bambancin nan sarai. Yaron da ya gudu daga aji ya faɗi jarrabawa, laifinsa ne. Wanda kuwa ba a taɓa gina makaranta a garinsu ba, wa zai buge shi don bai iya karatu ba?

Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya kawo misalin mutumin da ya girma a daji, bai taɓa jin wa'azi ba. Ya ce in mutumin nan ya bi hankalin da Allah ya ba shi, yana neman nagarta yana gudun mugunta, Allah ba zai yashe shi ba: ko ya haskaka zuciyarsa daga ciki, ko ya aiko masa da mai wa'azi, kamar yadda ya aiki Bitrus wurin Karniliyus. Bayan 1492, da Turawa suka iske al'ummai masu ɗimbin yawa a Amurka waɗanda ba su taɓa jin sunan Almasihu ba, sai misalin ya zama abin gani da ido. A 1539 wani malami a jami'ar Salamanka ta ƙasar Sifen, Francisco de Vitoria, ya ƙara wani abu mai nauyi. Ya ce jin labari kawai bai isa ya sa mutum ya zama mai laifin ƙin gaskiya ba, sai an kawo masa ita da hujja da halin kirki. Wanda ya zo da wa'azi a baki, takobi a hannu, bai isar da saƙo ba tukuna.

Paparoma Fiyus na 9 ya taƙaita koyarwar a 1863. Ya ce wanda ke cikin irin rashin sanin nan, in yana kiyaye dokar da Allah ya rubuta a zuciyar kowa, yana kuma shirye ya yi wa Allah biyayya, zai iya samun rai madawwami ta wurin haske da alherin Allah. Tun a 1854 ya riga ya gargaɗi mutane kada kowa ya ɗauka shi ne zai iya auna iyakar wannan rashin sani. Da wani Fada a Bostan ta Amurka, Leonard Feeney, ya dage a kan cewa sai mai baftismar ruwa a cikin Katolika kaɗai zai tsira, Roma ta gyara masa da wasiƙa a 1949. Wasiƙar ta ce mutum yana iya haɗuwa da Ikkilisiya ta wurin marmarin zuciya, ko da shi kansa bai sani ba, muddin yana da bangaskiya da ƙaunar Allah ta gaske. Babban taron Batikan na biyu ya ƙarfafa wannan a 1964, har ya ambaci Musulmi da girmamawa, a kan suna sujada ga Allah ɗaya mai jinƙai.

To, a nan ne wurin kuskure. Koyarwar ba ta ce rashin sani yana ceton kowa ba. Rashin sani ya fi dare duhu, duhu kuwa ba ya kai matafiyi gida. Abin da rashin sanin nan ke yi shi ne ɗauke laifin ƙin bangaskiya kaɗai. Sata da kisa da zalunci suna nan da alhakinsu. Mai ceto, a wurin Katolika, Almasihu ne, ko ga wanda bai san sunansa ba. Sabo da haka ba a ce a daina wa'azi ba.

Mu dawo gida. A 1711 waɗansu limaman Katolika biyu da suka taso daga Tarabulus suka iso Katsina, ciwo ya kashe su a can. Fadoji ba su zauna a Lokoja ba sai 1884, Shendam kuwa sai 1907. Abuja kanta sai a 1981 aka ware ta ta zama yankin mishan, ta sami matsayin babbar dayosis a 1994. Kun ga ashe ƙarni bisa ƙarni Gbagyi da Koro da Gwandara suna haihuwa suna mutuwa a gindin duwatsun nan, ba wanda ya zo musu da labari. Wanda zai ce dukansu sun hallaka, ya ɗora wa Allah rashin adalci. Malaman Musulunci ma sun tattauna irin wannan tambaya game da waɗanda saƙon annabawa bai riske su ba, don haka abokan karatunmu Musulmi ba baƙi ba ne ga batun.

Kashegari na kira yaron, na ce, "Yarona, kakanka mutumin kirki ne?" Ya ce, "I, Malam, ba a zuwa gidanmu a fita da yunwa." Na ce masa ni ban san inda kakansa ya ke ba, Fada ma bai sani ba, amma Allah ba ya hukunta mutum a kan abin da ba shi da halin sani, ya kuwa san zuciyar kakansa fiye da mu. Na ce ya riƙa yi masa addu'a.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar Vitoria. In mugun halin mai wa'azi yana iya hana saƙo isa, to, malamin da ke zagi da son kai a aji yana iya zama dalilin rashin sanin wani. Kafin mu yanke wa kakannin yara hukunci, mu duba irin shaidar da mu ke bayarwa a gaban allo. Allah ya ba mu ganewa, amin.