Tsakanin Bi da Kora: Nazarin Ma'anar Aikatan Bin Baya a Hausa da Matsalar Fassararsu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba bambancin ma'ana da ke tsakanin aikatan da Hausa ke amfani da su wajen bayyana bin bayan wani, wato bi, kora, fafara, raraka da fatattaka. An gina misalan bisa rayuwar manoma da makiyaya na fadamar Kogin Haɗejiya. Maƙalar ta nuna cewa manufar aikau ita ce babban abin da ke raba waɗannan aikatau, kuma rashin lura da hakan ne ke jawo kuskure wajen fassara kalmar Ingilishi "chase" zuwa Hausa.

1.0 Gabatarwa

Masana ilimin ma'ana sun daɗe da nuna cewa da wuya a sami kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya tak. Ƙamusoshin Bargery (1934) da Abraham (1949) da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) duk sun kawo waɗannan aikatau, sai dai tsarin ƙamus na jera kalmomi bisa abacada ba ya ba da damar a ajiye su kafaɗa da kafaɗa.

Fadamar Haɗejiya fage ne da ya dace da wannan nazari. Ruwan Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, wanda ke malala ta Auyo da Haɗejiya da Kirikasamma da Guri. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin malalar ruwan ya sauya, ciyawar kacala ta toshe magudanai da dama, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. A irin wannan wuri, bi da kora aiki ne na kullum.

2.0 Ma'aunan Tantancewa

An yi amfani da ma'aunai uku. Na farko shi ne manufa: shin aikau yana son ya kusanci karɓau ne, ko ya nisanta shi? Na biyu shi ne sauri da ƙarfin da ke cikin aikin. Na uku shi ne wanda ke zaɓen hanya tsakanin na gaba da na baya.

3.0 Aikatau Bi

Tushen ma'anar bi shi ne na gaba ke zaɓen hanya, na baya kuma ya ɗora ƙafarsa inda aka ɗauke. Kalmar ba ta ɗauke da sauri ko gaba a karan kanta.

(1) Maraƙi ya bi uwarsa zuwa mashaya.
(2) Masunta sun bi kogi har Guri.
(3) Manoma sun bi ɓarawon injin ban-ruwa da gudu.

A misali na (3), sai da aka ƙara "da gudu" sannan ma'anar neman kamawa ta fito. Manufar manoman ita ce su cim masa, ba su nisanta shi ba.

Daga wannan tushe ne ma'anar biyayya ta tsiro, kamar bin liman da bin doka, da karin maganar nan "bin na gaba bin Allah". Haka ake bayyana tawayen Sarkin Haɗejiya Buhari a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, a tsakiyar ƙarni na 19, da cewa ya ƙi bin Sakkwato. Akwai kuma bin bashi, inda mai kuɗi ke bayan wanda ya ci bashin har sai ya karɓi haƙƙinsa.

Sauran siffofin kalmar na ƙara rarrabe ma'anar. Biyo na nuna tahowa wajen mai magana. Bibiya na nuna maimaici da nacewa, kamar manomin da ke bibiyar takardar gonarsa. Biyu kuwa na nuna yiwuwar aikin, kamar yadda ake cewa da damina hanyar ƙauye "ba ta biyuwa". Bin sawu da bin diddigi suna faruwa ne ba tare da ana ganin wanda ake bi ba: na farko ya dogara da alamar ƙafa a ƙasa, na biyu ya fi karkata ga binciken asalin magana.

4.0 Aikatau Kora

A kora, na baya ne ke da iko. Shi ke tilasta wa na gaba motsi.

(4) Yara suna korar jan-baki daga gonar shinkafa.
(5) Makiyayi ya kora shanu zuwa burtali.
(6) Ambaliyar 2022 ta kori mutane daga gidajensu.

A (4), ba kama tsuntsayen ake so ba, tashinsu ake so. Yaron da ke kan rumfa yana kaɗa gwangwani ba ya ko motsawa daga wurinsa, amma kora yake yi. Wannan ya nuna tafiya a bayan karɓau ba sharaɗi ba ce a kora, alhali sharaɗi ce a ma'anar bi ta zahiri. A (5), makiyayin na tare da shanunsa, yana sarrafa tafiyarsu ne kawai. A (6), aikau ba shi da rai balle niyya, sakamakon aikin ne ya halatta kalmar.

Tsarin azuzuwan aikatau da Parsons ya gabatar a 1960 yana haskaka wannan bambanci. Siffar aji na 1 ita ce ta (5), mai ma'anar tura abu gaba. Ta aji na 2 ita ce ta (4) da (6), mai ma'anar nisantarwa. Ta aji na 4, kore, tana nuna an kawar da abin gaba ɗaya. Ta aji na 6, koro, tana nuna an turo abin wajen mai magana, kamar a ce ruwa ya koro macizai cikin gari. Abin lura shi ne jimlar "ya kore su" tana da fuska biyu a rubuce, domin daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti. Idan karin ƙasa-sama ne, aji na 2 ke nan a gaban wakilin suna. Idan sama-ƙasa ne, aji na 4 ne.

Kora ta shiga zamantakewa ma. Korar kare na nufin sallama ta wulaƙanci, kora da hali kuwa ita ce a matsa wa mutum ya tafi ba tare da an furta masa ba.

5.0 Fafara, Raraka da Fatattaka

Fafara da raraka suna tsakanin bi da kora. Dukansu sun ƙunshi gudu da zafin nama, kuma dole aikau ya taka a bayan karɓau. Idan aka ce kare ya fafari zomo, ko mai gona ya raraki akuya, ana ganin tseren a ido, amma kalmar ba ta yanke hukuncin ko kamawa ake so ko nisantarwa ba. Muhallin magana ne ke fayyacewa.

Fatattaka ta fi su nauyi. Ta fi dacewa da taro, kamar rundunar yaƙi ko gungun ɓarayi, kuma tana nuna an tarwatsa su kowa ya kama gabansa. Tana ɗauke da hukuncin cewa an yi galaba da ƙarfi.

6.0 Matsalar Fassara

Kalmar Ingilishi "follow" ta yi kusa da bi. Matsalar tana ga "chase", wadda a karan kanta ta fi nuna neman kamawa, sai an ƙara mata "away" ko "off" take komawa nisantarwa. Ɗalibai da yawa sun haddace cewa "chase" ita ce kora. Saboda haka jimlar da ke nufin 'yan sanda sun bi ɓarawo don su kama shi sai ta koma "'yan sanda sun kori ɓarawo", wadda Bahaushe zai fahimta da cewa sun sa shi ya tafi. Ma'ana ta juye ke nan.

Illar ba ta tsaya a aji ba. A yankin da saɓanin manoma da makiyaya kan gona da mashaya ke kaiwa gaban alƙali, waɗannan jimloli uku shaida ce daban-daban:

(7) Sun bi makiyayan har ruga.
(8) Sun kori makiyayan daga gona.
(9) Sun fatattaki makiyayan.

Ta (7) tana nuna an bar gona an je muhallin wani. Ta (8) tana iya zama kare amfanin gona. Ta (9) tana nuna an yi amfani da ƙarfi. Tafinta ko ɗan jaridar da ya musanya ɗaya da ɗaya ya sauya wanda alhaki ke wuyansa.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa bi na rage tazara, kora na ƙara ta ko sarrafa ta, fafara da raraka na jaddada gudu, fatattaka kuma na jaddada tarwatsawa. Ya kamata masu tsara ƙamus na harsuna biyu da malaman fassara su riƙa kawo waɗannan aikatau a cikin jimloli, tare da nuna manufar aikau da ajin aikatau. Akwai kuma buƙatar nazarin yadda Fulatanci da Badanci da Barbarci, waɗanda ke maƙwabtaka da Hausa a wannan fadama, suke rarrabe waɗannan ma'anoni.