Ko Kun Sani? 'Yar Tsana a Gaban Kotu

Ko kun san 'yar tsana ta taɓa zama hujja a shari'ar wariyar launin fata a makarantun Amurka? Masana halayyar ɗan'adam, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun riƙa ajiye wa yara baƙar fata 'yan tsana, fara da baƙa, su ce: wacce ce mai kyau? Akasarinsu suka nuna farar. Da aka ce su nuna mai kama da su, wasu har kuka suka yi.

Lauya Thurgood Marshall ya kafa hujja da wannan bincike. Ranar 17 ga Mayun 1954, alƙalan Kotun Ƙoli tara, bakinsu ɗaya, suka haramta ware makarantu a wannan shari'a da ake kira Brown. Aiwatarwa kuwa sai da aka kai ruwa rana: a 1957 sojoji ne suka raka ɗalibai baƙar fata tara aji a garin Little Rock.