Yadda Kamfani Ɗaya Ya Haɗiye Gidajen Rediyo Sama Da 1,200 A Amurka

Kafin shekarar 1996, dokar Amurka ba ta yarda kamfani ɗaya ya mallaki gidajen rediyo fiye da 40 a faɗin ƙasar ba. A wannan shekara aka yi sabuwar dokar sadarwa da ta cire iyakar. Cikin 'yan shekaru, kamfanin Clear Channel, wanda tun 2014 ake kira iHeartMedia, ya mallaki tashoshi sama da 1,200.

Sayen tashoshi da bashi yana tilasta rage kashe kuɗi, kuma a nan fasaha ta shigo. Mai gabatarwa ɗaya zai zauna a wani birni ya naɗi gaisuwa da 'yan bayanai, manhaja ta saka muryarsa tsakanin waƙoƙi a tashoshin garuruwa da yawa. Mai sauraro zai ɗauka ɗan garinsu ne ke magana kai tsaye, alhali babu kowa a ɗakin watsa shirin. Jerin waƙoƙi ma daga sama ake tsara shi, don haka mawaƙin gida yakan sha wuya kafin a sa waƙarsa.

Illar ta wuce kiɗa. A Janairun 2002, jirgin ƙasa ɗauke da sinadarin ammoniya ya kauce daga layi da dare a garin Minot, jihar Dakota ta Arewa, iska mai guba ta bazu, mutum ɗaya ya rasu. Tashoshin kasuwanci shida na garin duk na Clear Channel ne. 'Yan sanda sun yi ta kiran tashar da aka ware don sanarwar gaggawa ba a ɗaga ba. Kamfanin ya ɗora laifin kan na'urar gargaɗi ta hukumomin garin, amma an ɗauki lokaci kafin gargaɗi ya fita ta rediyo.

A 2018 iHeartMedia ya nemi kariyar kotu saboda bashin kusan dala biliyan 20.

Yawan tashoshi a manhajar rediyon wayarka ba shi ne yawan muryoyi ba. Duba wa ke da tashar, kuma ko akwai mutum a ciki da zai ɗaga waya idan wani abu ya faru a unguwarku. Shirin da ake karanta saƙon mai sauraro kai tsaye ya fi tsada wajen gudanarwa, shi ya sa yakan kasance cikin na farko da ake yankewa.