Larabcin Aji da Larabcin Kasuwa a Jidda

Bahaushen da ya sauka a filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda ba ya rasa ɗan guzurinsa na Larabci. Wani ya haddace Ajuruma a zaure, wani har Alfiyyar Ibn Malik ya sauke, wani kuwa iyakarsa karatun sallah. Amma da direban tasi ya waigo ya ce masa "fen?", ba "aina" ɗin da ya sani ba, sai malam ya gane da sauran aiki. Daga nan ko dai ya nufi aji, ko ya faɗa kasuwa.

Aji yana ba da fusha, wato Larabcin littafi. Jami'ar Sarki Abdul'aziz, wadda aka kafa a 1967, tana da cibiyar koyar da Larabci ga baƙi, kuma littattafai irin su Durusul Luga na Dakta V. Abdur Rahim, da aka tsara wa ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina, sun saba ɗaukar mai koyo daga tushe. Wanda ya bi ta nan zai fahimci huɗubar Juma'a da labarun talabijin, ya karanta takardar kwantiragi kafin ya sa hannu, kuma iliminsa zai yi masa aiki daga Alƙahira har Rabat. Matsalarsa ita ce baki. Ya san dokar kowane wasali, don haka tsoron kuskure ke riƙe masa harshe; kafin ya gama auna fa'ili da maf'uli, mai shago ya juya ga wani.

Kasuwa ba ta jiran wannan lissafi. 'Yan Kano-Jidda da ke saro abaya da turare a Bab Makka da Bab Sharif, da yawansu ba su taɓa zama ajin nahawu ba, amma ciniki ba ya gagararsu. Kunne ne malaminsu. Sun ji "esh" wato me, "dahin" wato yanzu, "abga" wato ina so, "moya" wato ruwa, suka kama. A bakin mutanen Hijaz harafin ƙafun yakan koma "g", shi ya sa katin zama da aka rubuta "iƙama" muke kiransa igama har a Kano. Kuɗi ne a tsakani, saboda haka kalmar da aka koya a nan ba ta saurin gudu.

Sai dai kasuwar Jidda ba Larabci ɗaya ke cikinta ba. Ban da na 'yan gari, akwai gwamutsattsen Larabcin da ma'aikata daga Indiya, Pakistan da Bangaladash suke fahimtar juna da shi, na "sadik" da "mafi ma'lum", wanda ba ruwansa da sarrafa fi'ili. Mutum na iya shekara goma yana jin ya ƙware, alhali wannan ya iya. A da kuma akwai unguwanni irin su Karantina da Sabil, inda Hausa kaɗai kan iya fitar da mutum daga safe har dare. Zama a ƙasar Larabawa daban, zama da Larabawa daban. Ranar da takarda ta zo daga kotu ko asibiti, gwanin kasuwa sai ya nemi tafinta, ya damƙa masa sirrinsa.

Masana a gida sun daɗe da gane cewa ɗaya ba ta wadatarwa. Shi ya sa aka kafa Ƙauyen Larabci a Ngala ta jihar Borno, don ɗaliban jami'a su je su yi magana da abin da suka karanta. Abin da suke yi wa doguwar tafiya, mazaunin Jidda yana samunsa kyauta a ƙofar gida.

A ganina, kasuwa ta fi sauri, aji ya fi nisan zango. Mai nahawu ya ajiye kunya, ya yarda a yi masa dariya a kasuwa na 'yan watanni. Mai Larabcin kasuwa kuwa nasa aikin ya fi gaggawa: ya ware ko da rabin awa ne bayan Isha'i, ya samu malami da littafi, har ya iya karanta abin da aka rubuta a igamarsa da kansa.