Ƙofar da Ake Toshewa da Tubali

A babbar majami'ar Waliyyi Bitrus da ke Fadar Batikan a birnin Rum akwai wata ƙofar tagulla daga can hannun dama, wadda ba a shiga ta nan sai shekara ashirin da biyar ta zagayo, ko in an kira Jubili na musamman. Sauran lokaci a toshe take da tubali daga ciki. Mabiya ɗariƙar Katolika suna kiran ta Ƙofa Mai Tsarki, buɗe ta kuwa shi ne alamar an shiga shekarar Jubili.

Asalin abin ya girmi Cocin Katolika nesa ba kusa ba. A Littafin Firistoci sura ta 25, an umarci Bani Isra'ila da su ƙirga shekara bakwai sau bakwai, a ta hamsin su busa ƙahon rago. Wannan ƙaho shi ake kira "yobel" da Ibrananci, daga nan kalmar Jubili ta samo tushe. Idan aka busa, wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gado sai a mayar masa, ɗan'uwan da bashi ya jefa cikin bauta a sake shi, ƙasa ma a bar ta ta huta, ba shuka ba girbi. Dalilin kuwa, ƙasa ta Allah ce, mutum baƙo ne a kanta. Duk wanda ya taɓa ganin magidanci ya jinginar da gonarsa a tsakiyar damina don ya ciyar da iyali, zai gane nauyin wannan doka.

Paparoma Bonifas na Takwas ne ya fara kiran Jubili a shekarar 1300, da niyyar a riƙa yi duk shekara ɗari. Da aka ga rayuwar mutum ba ta kai nan, sai aka rage zuwa hamsin, aka yi na biyu a 1350, sannan a 1470 Paparoma Bulus na Biyu ya tsayar da ashirin da biyar. Daga shekarar 1500 al'adar buɗe ƙofofi a manyan majami'u huɗu na Rum ta kafu. A da, Paparoma kan ɗauki guduma ya bugi bangon sau uku, ma'aikata su janye shi. A daren Kirsimetin 1974 ɓaraguzai suka zubo dab da Paparoma Bulus na Shida, tun daga nan aka daina janye bangon a gaban Paparoma, daga baya aka bar gudumar ma. Yanzu tura ƙofar kawai ake yi.

Amma a hannun Coci, bashin da ake yafewa ya koma bashin zunubi. Koyarwar Katolika ita ce, ko bayan an gafarta wa mutum, akwai sauran horon da ke biyo laifi. Mai ziyara da ya furta zunubinsa ga fada, ya karɓi jibin Ubangiji, ya yi addu'a bisa niyyar Paparoma, ya ratsa ƙofar da zuciyar tuba, ana ɗauke masa wannan horo. Abin dai ya taɓa lalacewa, har aka riƙa karɓar kuɗi a kansa, kuma yana cikin abin da ya fusata Martin Luta a 1517. A 1567 aka haramta haɗa shi da kuɗi.

A ganina, Jubili ya fi armashi a duk lokacin da ya tuna da ƙahon ragon nan. A shekarar 2000 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa baki a kiran da ake yi na a yafe wa ƙasashe matalauta basussukan da suka yi musu katutu. Paparoma Faransis ya ƙara gaba. Ya kira Jubili na musamman, na Jinƙai, daga 8 ga Disamba 2015 zuwa 20 ga Nuwamba 2016, amma ƙofar farko ba a Rum ya buɗe ta ba. A ranar 29 ga Nuwamba 2015 ya tsaya gaban ƙofar katako ta babban cocin Bangui, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ƙasar da rikici ya raba Kirista da Musulmi, ya sa hannu biyu ya tura ta. Washegari ya shiga unguwar PK5, inda Musulmi suke a killace, ya ziyarci babban masallacinsu.

Haka ya sake yi a Jubilin 2025. Ya buɗe ƙofar Waliyyi Bitrus ranar 24 ga Disamba 2024 yana zaune a keken guragu, bayan kwana biyu ya tafi gidan yarin Rebibbiya ya buɗe wa fursunoni tasu, a nan kuma ya miƙe tsaye da sandarsa. Bai ga ƙarshen shekarar ba, don ya rasu ranar 21 ga Afrilu 2025. Magajinsa, Paparoma Liyo na Sha Huɗu, shi ya rufe ƙofar ranar 6 ga Janairu 2026.