Takalmin Tallafi Ga Wanda Ɓarin Jikinsa Ya Shanye

Mutum da yawa da suka tashi daga shanyewar ɓarin jiki suna fama da abu guda: tafin ƙafa ya ƙi ɗaguwa. Yatsu suna jan ƙasa, sai mutum ya riƙa ɗaga ƙugu ko zagayo da ƙafar ta gefe, tabarma ko dokin ƙofa kuwa kan iya kayar da shi. Asalin matsalar a ƙwaƙwalwa take, inda saƙon da ke umartar tsoka ya katse.

Don haka ake yin takalmin tallafi, wanda likitoci ke kira AFO. Roba ce mai ƙwari da ake ƙerawa daidai da ƙafar mai ita, daga ƙasan gwiwa ta bayan ƙwauri har ƙarƙashin tafi. Tana riƙe idon sawu, ta sa dunduniya ta fara sauka. A Kano, Asibitin Ƙashi na Dala yana da sashen da ke wannan aiki.

Dangi sukan ce a cire shi kada ƙafa ta saba ta mutu. A ganina wannan tsoron ya fi cutarwa. Ƙwaƙwalwa da maimaici take sake koyon tafiya, kuma wanda ke fargabar faɗuwa zama yake yi, zaman nan ne ke cinye tsoka. Sauƙi ya fi zuwa da sauri a wata 3 zuwa 6 na farko, amma ana ci gaba da samunsa bayan nan. Wani zai ajiye takalmin, wani kuma zai yi shekaru da shi, kuma ba abin kunya ba ne.

Sai dai takalmi ba ya maye gurbin atisaye. Tsokar sharaɓa takan ɗaure, don haka a riƙa miƙar da ita kullum yadda likitan fisiyo ya nuna, a haɗa da tashi daga kujera da dogara nauyi a kan ƙafar da ta shanye.

Takalmin tallafin ba ya zama da silifa, sai takalmi rufaffe mai ɗan yalwa da safar auduga. Duk lokacin da aka cire shi, misali wajen alwala, a duba fata. Jan da bai gushe ba bayan minti 20 zuwa 30 alama ce yana matsewa, kuma mai ciwon suga ko wanda ƙafarsa ba ta ji sosai zai iya yin gyambo bai sani ba. Idan ƙafa ta kumbura ko ta rame, a mayar da shi wurin wanda ya ƙera ya gyara, kada a yanke shi a gida.